Ɗaurin Mamaci

Gidan Ɗanhausa, ta Pauwa.
27 ga Fabrairu, 1978.

Zuwa ga taubashina Ɗanasabe, wanda na ji a Fatakwal Malam Abdulƙarim ake ce masa yanzu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Mu nan da sauƙi. Surukina Baba Ɗanhausa ƙafa ce ke damunsa, amma bai fasa zagaya gonarsa ba. Ni ce Tabita jikar Baraka, in ka manta, wadda kake tsokana da 'yar guntuwa a bakin rafi.

Kada ka ce me ya sa sai yau. Ni ya kamata in yi maka wannan tambayar. Wata huɗu ke nan da rasuwar maigidana, abokinka. Mutane sun tako a ƙafa tun daga Sabuwa sun yi mana gaisuwa, kai kuwa da kuka yi kiwon awaki tare sai ga takarda mai layi uku. Na karanta wa Baba, ya ce in sake karantawa ko na tsallake wani wuri. Na ji zafi, gara in faɗa maka.

Amma ba faɗa ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar jif ɗin ɗakin shan maganinmu ce, wadda marigayi ke tuƙawa. Babu lantarki a nan, saboda haka ƙaramin firjin da ke cikin motar shi ne ma'ajiyar allurar ƙyanda da maganin tsayar da jini na masu haihuwa. Bara marigayi ya ƙara masa batir na biyu a ƙarƙashin kujera. Ban sani ba ko an ba ka labarin yadda abin ya faru. Bai fi wata da sa batirin ba suka tafi allura wani ƙauye bayan Faskari, motar ta kwana biyu a tsaye a bakin rafi. Ran da za su dawo gamsheƙa ta sare shi. Aka sa shi a mota, aka murɗa makulli, shiru. Maza goma suka tura, yashi ya riƙe ta. A amalanken shanu aka ɗauko shi, bai kai 'Yankara ba.

Tun daga ranar motar nan ba ta sake zama daidai ba. In ta kwana ɗaya a tsaye da ƙyar take tashi, in ta kwana biyu sai an tara maza. Gide, sabon direbanmu, ya kai batir Ƙanƙara an gwada, an ce lafiyarsa lau. Matan unguwa kuwa sun riga sun yanke hukunci, wai mai ita ne yake zuwa yana tuƙa abarsa, shi ya sa ake tarar da ita a gajiye. Ni unguwarzoma ce mai takarda, ina kuma zuwa coci, ban yarda da wannan ba. Amma da safe in na leƙa na ji firjin yana gurnani a hankali kamar numfashin mai barci, Allah ya sani sai na ja da baya.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Ya bar ni da juna biyu, kuma watan Yuli nake sa rai, tsakiyar damina. Ka tuna na fari sai da aka yi mini aiki, bai kuma zo da rai ba. Likita a Funtuwa ya ce kada in kuskura in yi naƙudar wannan a gida. A laka ba a tura jif, Ɗanasabe. An ce kai ne mai wayarin ɗin manyan motocin kamfanin mai. To, ga ranarka ta zo, ka gaya mini abin da za mu yi.

Ka gaishe mini da matar taka da ka ɓoye mana.

Taubashiyarka,
Tabita.

*

Fatakwal.
20 ga Maris, 1978.

Zuwa ga Tabita,

Ina gaishe ki da kyau. Takardarki ta iske mu lafiya bayan ta yi kwana goma sha shida a hanya. Allah ya ba Baba sauƙin ƙafa, ke kuma ya sauke ki lafiya. Ɗanasaben ma ya isa, 'yar guntuwa, a bakinki ban ƙi shi ba. Maganar rashin zuwana gaisuwar rasuwar maigidanki Idi kuwa, kin yi gaskiya.

Babu mai tuƙa motarki. Firji ne yake shan batir biyun a haɗe, kamar rijiya biyu da suka haɗu ta ƙarƙashin ƙasa, in aka janye ɗaya ɗayar ma ta ƙafe. Maganin yana cikin ƙunshin da na haɗo da wannan takarda ta hannun wani direban tanka mai zuwa Funtuwa. Za ki ga wani ƙarfe kamar gwangwanin madara, mai manyan kusoshi biyu da ƙanana biyu. Mu a gareji mai-raba muke ce masa. In inji yana tafiya sai ya haɗa batir biyun su sha caji tare. In inji ya tsaya sai ya raba su, firji ya ci nasa, na tayar da mota ya zauna a cike.

Ki zauna kusa da Gide ki riƙa karanta masa, kada ya yi da ka. Kafin ku taɓa komai ku kwance baƙin kai na kowane batir, wato wanda ke zuwa jikin mota. Ki cire awarwaronki, in ya haɗa wuta zai ƙone ki har ƙashi. Ku ɗaure mai-raba a bangon ɗakin inji, nesa da bututun hayaƙi, inda ruwa ba ya fantsama. Na sako jar waya guda biyu, kaurin ɗan yatsa. Gajerar daga jan kan batirin gaba zuwa babbar kusa ɗaya. Doguwar daga babbar kusa ta biyu zuwa jan kan batirin kujera, ku bi da ita ta ramin da ke gefen ƙafar direba, ku sa mata zoben robar da ke cikin ƙunshin don kada ƙarfe ya yanke ta. Kowace na ɗaura mata fis mai yanke wuta in ta haɗu, a baki ɗaya, wannan bakin shi ne na wajen batir.

Ƙananan kusoshin, ɗaya a haɗa da jikin mota, ku kankare fenti sai ƙarfe ya yi fari. Ɗayar ku ja siririyar waya zuwa ƙaramin bakin da ke bayan altaneta mai yi wa batir caji, wanda ke riƙe da jar fitilar gaban direba. Na zana miki a bayan takarda. In akwai wata tsohuwar waya tsakanin batir biyun ku cire ta. Sannan ku mayar da baƙaƙen kawunan ku ɗaure tamau.

In kun yi daidai, da mota ta tashi jar fitila ta mutu za ki ji ƙas, in an kashe ta ki sake jin ƙas. Shi ne mai-raba yana aikinsa.

Ina tuna shi, Tabita, fiye da yadda layi uku suka nuna. A nan kullum ruwa, kullum aiki, ni kuwa abinci ma ba ya yi mini daɗi. Ki rubuto da zarar kun gama.

Naki,
Ɗanasabe.

*

Gidan Ɗanhausa.
11 ga Afrilu, 1978.

Taubashi,

Gaisuwa da godiya. Ƙunshi ya zo. Muna lafiya sai zafi, ƙyanda kuma ta ɓulla wajen Sabuwa, ga ni da nauyi ga yawo.

Mun yi aikin a gindin tsamiyar ƙofar gida, tun hantsi har la'asar. Ni ina kan turmi da takardarka, Gide rabinsa a cikin inji yana ta mita wai bai taɓa ganin mace na ba makanike umarni ba, Baba kuma yana zaune a kan buzunsa yana kallo. Zanen naka dai Allah ya sa ba da shi kake cin abinci ba, altanetarka kamar kunkuru. Ramin da ka ce a bi da waya, ba shi da wuri, sai Gide ya huda wani a gefensa. Da muka gama ya kunna hitar ɗumama inji, ya murɗa, ta tashi, jar fitila ta mutu, sai ƙas.

Ɗanasabe, ba ka gaya mini irin ƙarar ba. Ka tuna yadda marigayi yake lanƙwasa yatsunsa su yi ƙara kafin ya kama sitiyari? Ita ce sak. Na tashi daga kan turmin na shige ɗaki, ban so Gide ya ga fuskata ba.

Kwana shida muna fita allura kullum, tana tashi lafiya, har na fara yi maka addu'a. Sai man gas ya yanke, a ƙasar da ku kuke haƙo shi. Motar ta kwana biyu a tsaye. Da aka samo jarka ɗaya daga Funtuwa aka murɗa, shiru, kamar ba mu yi komai ba.

Abin da ya biyo baya shi ne na kasa ajiyewa a raina. Gide ya ce bari ya kai batirin kujera Ƙanƙara a babur a yi masa caji. Ya kwance kawunan, ya ciccibo shi ya dire a ƙasa a gindin tsamiya. Rana tsaka ce, babu ko inuwar kirki. Na buɗe bayan motar zan kwashe allurai in sa a randa, sai na ji firjin yana gurnaninsa, a raunane, amma yana yi. Na dubi batirin a ƙasa, na dubi firjin. Na kira Gide. Ya sa kunne, ya ja da baya har ya yi tuntuɓe da turmi, yana ta salati. Ya ce, "Malama, ni hwa na yi tuƙin tarakta shekara tara, ban taɓa ganin abu na ci ba tukunya ba. Ni ba ni ƙara shiga motar ga." Da ƙyar na lallashe shi, ya ce zai duba zuwa ƙarshen wata.

Baba ya taso da sandarsa ya tsaya a bayan motar ya daɗe yana saurare. Abin da ya ce kawai, "Ku ƙyale shi. Bai gama ba."

Yanzu ko yara ba sa bi ta gindin tsamiyar. Ni ma tsoro nake ji, ban ɓoye maka ba. Saura wata uku.

Wani abu kuma. A gefen kwalin mai-raba na ga an rubuta sunan marigayi da hannunka, tawadar har ta koɗe. Yaushe ka rubuta?

Tabita.

*

Fatakwal.
28 ga Afrilu, 1978.

Tabita,

Ina fata kina lafiya. Yau takardarki ta zo, a tsaye nake ba ki amsa a ƙofar gidan waya.

Firji ba ya gurnani da iska. In batirinsa yana ƙasa shi kuma yana aiki, to daga batirin gaba yake sha, kuma hanya ɗaya ce tak da zai bi. Kin ce ramin gefen ƙafar direba ba shi da wuri. Me ke cikinsa? Ki koma takardata ta watan Maris, wajen ƙarshe, akwai layin da na ce a cire tsohuwar waya. Kun cire ta? Jar waya ce doguwa, ta taso daga jan kan batirin gaba ta ratsa ramin nan ta shige ƙarƙashin kujera. Muddin tana nan mai-raba zai yi ta ƙas ɗinsa a banza, ya rufe ƙofa ne alhali katanga a fashe take.

Ki cire ta ranar da wannan ta same ki. Don Allah kada ki jira gobe.

Ɗanasabe.

*

Gidan Ɗanhausa.
16 ga Mayu, 1978.

Ɗanasabe,

Muna lafiya, ruwan fari ya sauka shekaranjiya, an fara shuka. Ƙafafuna sun kumbura amma abin cikin yana motsi sosai.

Na ga layin tun ranar. Ban tsallake shi da kuskure ba, da gangan na ƙi karanta wa Gide. Wayar tana nan. Mamaki nake yadda ka san launinta da hanyarta kamar ka gan ta.

Ka daɗe da barin gida, amma ba ka manta al'adar gidan Baba ba. Abin da mamaci ya ɗaura da hannunsa ba a kwance shi sai shekara ta zagayo an dafa giyar tunawa da shi, bayan kaka. Har yau igiyar da marigayi ya ɗaure ƙyauren rumbu da ita tana nan, ta saman rumbun ake ɗibar dawa. Wannan wayar kuwa aikinsa ne na ƙarshe. Ranar ya dawo daga kasuwar 'Yankara yana ta cika baki wai shi ma ya zama injiniya, shi ya haɗa batir biyun da kansa. Washegari ya ga ƙarfen ramin yana gogar ta, ya zauna ya yanka jar fatar akuya siriri, ya yi mata saƙa kamar ta kuben wuƙa, tsawon taƙi guda, ya ƙulle baki biyun. Baba yana zaune a wurin. Ranar da muke aiki, da Gide ya kai hannu kusa da ita, Baba ya ɗaga sanda ya ce, "Ku ƙara abin da za ku ƙara, ɗiyata, amma wagga ɗaurin yaron nan ce. Ba a taɓa ta sai an sha giya tai." Shi ya sa aka huda sabon rami.

Za ka ce ni da nake zuwa coci me ya haɗa ni da wannan. Kai ma ka bar hanyar Baba, ni ma na bari, amma ni a gidansa nake kwana. Tsohon nan ɗansa ɗaya ke nan, kuma tun rasuwar bai taɓa cin tuwo bai tambaya ko na ci ba. Ba zan sa almakashi a abin da yake gani kamar hannun ɗansa ba. In kuma gaskiya kake so, ba Baba kaɗai ba ne. Duk safiya in na shiga motar sai na sunkuya na shafa fatar nan. Ta yi santsi saboda hannuna. Ita kaɗai ce abin da ya bari wanda har yanzu yake aiki.

Na san za ka ce in kashe firjin. In na kashe shi kwana biyu, allurar yaran ƙauye goma sha ɗaya ta lalace, da maganin jinin da kowace mai haihuwa a nan ke dogara da shi, har da ni. Gide ya yarda ya zauna in dai za a riƙa tayar da ita kullum, amma gas ɗin yau akwai gobe babu.

Kai ne gwani. Ka nemo mana wata dabarar da za a bar wayar a inda take. Giyar sai Nuwamba.

Tabita.

*

Fatakwal.
2 ga Yuni, 1978.

Tabita,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba, ko da yake bayan kin karanta wannan ban san ko za ki isar masa ba.

Babu wata dabara. Ko a kwance ta baki ɗaya aka yi, an kwance ɗauri ke nan a wurin Baba, na sani. Na yi kwana uku ina juya abin, kuma hanya ɗaya ce ta rage, wadda na yi wata bakwai ina gudu.

Wayar nan ba Idi ya ɗaura ta ba. Ni ne.

A farkon Oktoba na zo hutu Funtuwa wurin dangin matata. Ban gaya wa kowa a gida ba. Tun da na musulunta nake jin nauyin haɗa ido da Baba, mutumin da ya ciyar da ni shekara huɗu bayan rasuwar mahaifina, sai na riƙa cewa sai wani zuwan. Ran kasuwar 'Yankara na ci karo da Idi, ya rungume ni a tsakiyar 'yan barkono har hulata ta faɗi. Ya nuna mini sabon batir a bayan mota, ya ce an aiko da shi saboda firji amma babu wanda ya iya haɗawa. Na ce aikin minti talatin ne. A gindin wata ɗorawa a bayan kasuwa na yi shi. Ba ni da mai-raba a tare da ni, sai na ja waya ɗaya na haɗa su kai tsaye, na ce ta wucin gadi ce, ina komawa zan aiko da abin da ya dace.

Ya tambaye ni, Tabita. Ya ce, "In ta kwana biyu tsaye hwa?" Ni kuma na hango wasu mutanen Pauwa suna nufo mu, ina sauri in ɓace kafin su gane ni. Na ce masa, "Batir biyu ne, ko kwana uku ta yi za ta tashi." Na san ba haka ba ne. Da na tsaya na yi tunani na minti ɗaya da ban faɗa ba. Sannan na roƙe shi kada ya ce ya gan ni. Ya yi dariya ya ce to shi ke nan, shi ya zama injiniya. Cika bakin da ya yi miki, ni yake rufa wa asiri.

Na sayi mai-raba kwana shida da komowata. Na rubuta sunansa a kwalin a ranar, amsar tambayarki ke nan. Sai aiki ya yi yawa, ina jiran mai tafiya arewa, yau gobe, yau gobe. Sati uku yana cikin akwatin kayan aikina. Ranar da labari ya zo, da aka ce motar ce ta ƙi tashi, ban tambayi dalili ba.

Tun daga nan duk motar da na murɗa wa makulli a gareji, kafin ta kama, sai na ji muryarsa yana tambayata kwana biyu. Layi uku na rubuto muku don na huɗun shi ne wannan. Da kika nemi taimako na ɓoye maganar wayar a cikin sauran bayani kamar ba komai ba, ina fatan Gide zai fizge ta ya jefar, ba wanda ya sani. Na ga tsorona ya kusa cin ranki kamar yadda saurina ya ci nasa.

Fatar tasa ce. Wayar tawa ce, ni kuwa ina da rai, ana kwance ɗaurina. Ki gaya wa Baba haka. Ban ce ki yafe mini ba. Ki tsine mini in kina so, amma ki cire ta tukuna.

Ɗanasabe.

*

Fatakwal.
10 ga Yuli, 1978.

Tabita,

Ina fata kina lafiya. Sati biyar ke nan ban ji daga gare ki ba. Kullum ina zuwa gidan waya har ma'aikacin ya daina jira in tambaya, daga nesa yake girgiza mini kai.

Ban sani ba ko takardata ta ɓata a hanya, ko ta same ki kin yi shiru, ko wani abu ne ya faru. Direbobin tanka sun ce ruwa ya yi yawa wajen Faskari, har wata gada ta tafi. Na nemi hutu an ce sai an gama wani aiki a cikin ruwa. In ba ki son rubuto mini, ki sa Gide ya rubuta kalma ɗaya, an cire ko ba a cire ba. In waccan ba ta zo ba, to ga ta a taƙaice: ni na sa jar wayar, ba Idi ba. Ki cire ta.

Ɗanasabe.

*

Gidan Ɗanhausa.
6 ga Agusta, 1978.

Ɗanasabe,

Muna lafiya. Na sauka ran goma sha huɗu ga Yuli a Funtuwa, an yi mini aiki, mace ce, tana da rai. Sunanta Alheri. Goshin ubanta ne da ita.

Takardunka biyu sun zo. Ta farin na karanta ta a gindin tsamiya, na ninke na tura ƙarƙashin tabarma, ta yi kwana tara a nan. Ban tsine maka ba, amma na kusa. Abin da ya fi ci mini rai ba wayar ba ce. Wata bakwai ina shafa abin da ya kashe shi ina jin sanyi a zuciyata, kai kuma kana can ka sani.

A rana ta goma aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ji bayana ya riƙe na ɗan lokaci ya saki. Na tsorata. Na ɗauko takardar na je zauren Baba na durƙusa na karanta masa duka, ban rage ko kalma ba. Ya ce in sake. Na sake. Sannan ya ce, "Ashe ya zo har 'Yankara bai ƙaraso ba." Wannan ne ya fara faɗa, Ɗanasabe, ba maganar waya ba.

Da ruwa ya tsagaita ya sa aka kira Gide. Ya ce, "Igiyar ta mai rai ce, kwance ta. Hwatar kau kar ka taɓa ƙullin ta." Gide ya kwance baƙaƙen kawuna yadda ka koya mana, ya kwance bakin wayar biyu, ya datse kan ƙarfen da ke ɗaya bakin. Baba da kansa ya durƙusa a laka da ƙafar nan tasa, ya riƙe saƙar da hannu ɗaya, ya riƙa zare wayar daga cikinta a hankali kamar mai zare ƙaya. Ta fito. Fatar ta zauna a tafinsa da ƙullinta biyu, ba a kwance ko ɗaya ba. Gide ya ɗaga kan batirin kujera don gwaji, firji ya yi tsit. Duk muka tsaya muna sauraren shirun. Ya mayar, ya ci gaba da gurnaninsa.

Ranar da naƙuda ta zo motar ta kwana uku a tsaye, babu gas sai rabin jarkar da na ɓoye a ɗakina, ƙasa kuma ta jiƙe har tayoyi sun nutse. Ko maza ashirin ba za su motsa ta ba. Da hantsi aka kwantar da ni a baya kusa da firjin. Ina jin Gide yana ƙirga lokacin hita a fili.

Wayarka tana cikin ƙunshin nan, ka yi yadda ka ga dama da ita. Fatar tana rataye a zauren Baba. Ya ce in gaya maka za a dafa giyar bayan an shigar da dawa, kuma ba ya bukatar ka sha, ya san hanyarka. Amma ƙullin nan kai za ka kwance shi a gaban mutane, don a kan aikinka aka ɗaura shi. Ya ce in ka tsaya a 'Yankara wannan karon, shi zai tako da sandarsa ya same ka.

Ni ban yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Na gode da mai-raba, yarinyar nan ta dalilinsa take numfashi a cinyata yanzu. Amma ka san abin da nake tunani ina kwance a bayan motar, ciwo yana tsaga ni? Gide ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi. Sau ɗaya, Ɗanasabe, bayan kwana uku. Jar fitila ta mutu, na ji ƙas. Da haka za ta yi masa a bakin rafin nan.

Ka zo a Nuwamba.

Tabita.